Tambaya ga 'yan Play: sabbin abubuwan da ake ƙarawa a wasanni, gyara ne ko ɓatawa?

Mai_Play_Sabongari:

Salamu alaikum jama'a, ina yininku, ya zahi. Tambaya gare ni ga masu wasan Play (PlayStation) da na salula duka, kuma don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah ba irin gardamar fada ba.

Ina da ɗan shagon Play a nan Sabon Gari, PS2 biyu da har yanzu suna numfashi, PS3 guda, sai PS4 guda da na sa ma FIFA 23. Abin da nake gani kullum shi ne manyan da suka yi suna a wasan ƙwallon PES 6, irin waɗanda da in sun zauna sai an kewaye su ana kallo har a toshe mini ƙofa, in suka hau PS4 sai yaro ɗan kolej ya zuba musu huɗu ko biyar suna zaune. Su ce ai wasan ne aka ɓata, an cika shi da tarkace, mashin ke buga ma yaro. Yaran kuma su ce tsufa ne kawai, hannu ya mutu. Ni ina tsakiya ina amsar dala ashirin ɗina amma abin yana damuna, don manyan sun fara ja baya kuma su ne masu zama su daɗe su sha lemu, yara kuwa sai mutum ukku su haɗa kuɗin mach guda.

Wani abu kuma, a PES 6 mach na minti goma minti goma ne, ka zaɓi ƙungiya ka ɗan taɓa formasiyo a busa. A FIFA sai mutum ya share minti biyar cikin meni yana jan layin defans sama da ƙasa, yana ba kowane ɗan wasa umarni, wannan kar ya hau wancan ya tsaya tsakiya, masu jira suna bayansa ana ta tsaki, in kuma kuran ya tahi a lokacin ni ke maida kuɗi.

To tambayata biyu ce. Waɗannan abubuwan da ake ƙarawa kowace shekara, da gaske suna gyara wasan ko dai hanyar saida sabon faifai ce? Sannan in saida PS2 ɗin nan biyu in cika in ƙaro PS4, ko in bar su?

Baban_Ummi:

Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka saida, ka ji na faɗa maka tun da wuri. Ni ina cikin manyan da kake magana a kansu kuma ba na jin kunyar faɗa.

PES 6 ta hito a 2006 kuma har yau ban ga wasan ƙwallon da ya kai ta daɗin hannu ba. Butan nawa ne? Fas, tir, santar, dogon fas na tiriyangil, gudu a R1, shi kenan fa. In ƙwallo na hannun abokin wasa ka danne butan iks ɗan wasanka ya bi shi, ka haɗa da butan kare mai kusurwa huɗu wani ya zo ya taya ka, ku matse shi ku biyu. Wanda ya ƙware shi ne ya san R1 da R2 tare, ya katse gudun ɗan wasansa ya juya shi inda yake so kafin ƙwallo ta iso. Sauran duka karatun mutumin da ke zaune kusa da kai ne, ka san shi, ka san in ya zo gefen dama sai ya yanke ciki, ka san in an ci shi guda biyu zai fara fushi yana tsalle da ƙafa biyu har ya sha jan kati. Har ƙarar butan ɗinsa kana ji, in ya danne tir da ƙarfi ka san ta yi sama.

Na san za a ce ai Adriano. E, Adriano na Inter ƙarfin tir ɗinsa 99 ne, in ya samu ƙafar hagu daga tsakiyar fili ma gola sai dai addu'a. Amma mu da kanmu muka yi maganinsa, a shagon da muke wasa a Birni doka ce ba mai ɗaukar Inter, in kuwa ka nace to sai dai Adriano ya zauna benci. Ba mu jira wani ya aiko da mizajur, wato gyaran wasa, daga Japan ba.

Sannan Master League, inda kake gina ƙungiyarka da kanka. Yaran yanzu ba su san daɗin ka fara da su Castolo da Minanda da Ivarov a raga ba, 'yan wasan da ba su iya komi ba, ka yi ta haƙuri kana tara maki har ka sayi mutum guda na kirki, ranar ko barci ba ka yi don murna. Da PES ta koma eFootball a 2021 sai ga wasa ya hito ba Master League, wai sai dai ka hau intanet. Mu nan da forfe ke ƙarewa kamar an zuƙe.

Yanzu fa ka danne iks a FIFA, ɗan wasanka sai ya zo kusa ya tsaya yana kallon mutum yana ja da baya, bai sa ƙafa ba. Wai sai ka riƙe L2 ka yi ta rawa gabansa sannan ka danna butan ron mai da'ira a daidai lokaci, in ka yi sauri kaɗan ya wuce ka ya bar ka a ƙasa. Tir kala nawa ne ma, akwai na R1, akwai na ƙasa, akwai wanda za ka haɗa L1 da R1 kamara ta matso ɗan wasa ya yi ta ɗaga ƙafa kafin ya buga. Wannan jarabawar bak ce ko wasa?

Dan_Jamia_Info:

Babban yaya Baban Ummi, da girmanka amma bari in ɗan ja da kai. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, kwamfuta nake karanta, kuma na taso ina kallon irinku a PES 6 ɗin nan.

Abin da ka kwatanta da bakinka shi ne amsar tambayar. A PES 6 in ka danne iks mashin ne ke yanke shawarar lokacin da za a sa ƙafa, kai aikinka kawai ka zaɓi wanda zai bi. To wa mashin ke buga mawa ke nan? A 2011 da FIFA 12 ta fito suka cire wannan suka maida shawarar hannunka, shi ya sa wanda ya shekara yana danne butan guda ya ga kamar an kwance masa hannu. Ba wai hannunka ya mutu ba, kuma ba wai yaron ya fi ka sanin ƙwallo ba, abin da wasan ke tambaya ne ya canza. Da yana tambayarka wa za ka tura, yanzu yana tambayarka yaushe.

Kafin nan ma an yi irinta a 2009. Tsofaffin wasannin ɗan wasa ɓangare takwas kawai yake bi, gaba, baya, dama, hagu da kusurwoyi huɗu, shi ya sa manya da yawa ba su taɓa analog sai kibiyoyin nan na gefe. FIFA 10 ta zo da juyawa ta ko'ina, digiri 360. Daga ranar mai kibiya ya zama yana da hanya takwas abokin wasansa kuma ba iyaka, kuma mai tsaron baya da ya saba hasashen hanya takwas ɗin nan hasashensa ya daina ci. Ka lura da manyan shagonka Mai Play, na tabbata wasunsu har yanzu babban yatsansu kibiya yake nema.

A ƙwallon gaske ma an yi haka. Bayan kofin duniya na 1990 da aka yi ta ɓata lokaci ana maida ma gola yana kamawa, a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya maido masa da ƙafa. Doka ce layi guda, amma gololin da suka yi suna da hannu kawai da yawa suka sha wuya, yau kuwa babbar ƙungiya ba ta sayen golan da bai iya fas ba. Ba wanda zai ce golan 1985 bai iya aikinsa ba.

Inda nake tare da kai shi ne ba kowane sabon abu ne aka yi don irin wurinmu ba, kuma wannan ne mutane ba su cika faɗa ba. Ɗauki abin da suka kawo a FIFA 19, wanda za ka danna tir sannan ka sake dannawa daidai lokacin da ƙafa za ta taɓa ƙwallo, in ka dace alama ta yi kore tir ya yi kyau, in ka kuskure ta yi ja ƙwallo ta tafi wajen 'yan kallo. Tsakanin kore da ja ƙiftawar ido ce. Wasan yana nuna hoto 60 a daƙiƙa guda, kowane hoto bai kai kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba. To ka haɗa da manet ɗin shago da robar cikin butan ta lotse, da tele mai arha da take jinkirta hoto kafin ta nuna, sai ka ga ka danna daidai a idonka amma a wurin mashin ka makara. Wanda ya ƙirƙiro abin yana zaune da sabon manet da allo mai sauri. In a intanet ne kuwa abin ya fi muni, don dannawarka sai ta je saba, wato babbar kwamfutar masu wasan, a wata ƙasa can nesa ta dawo. Duk fasahar da aka gina kan daidai lokaci tana hukunta mai rezo mara ƙarfi fiye da wadda aka gina kan tunani da tsari.

Shawarata Mai Play, ka shiga saitin manet a FIFA 23 ɗin, akwai wurin da ake zaɓar salon defans, tsohon salon yana nan ga masu wasa a gida ba intanet, kuma kowane manet da nasa saitin. Ka sa ma manya tsohon, ka kashe musu danna tir sau biyun, ka maida musu tir kan kare yadda suka saba a PES, don rabin ƙwallayen da suke zubarwa santar suke bugawa a gaban raga.

Baban_Ummi:

Ɗan jami'a ka iya magana ba laifi. Amma wato sai an saita mini wasa kamar mara lahiya kafin in kara da yaron da aka haifa bayan na yi aure? To Allah ya kyauta.

Autan_Fada:

hhhh baba sabo turken wawa in ji masu magana, ba ni na faɗa ba fa a yi haƙuri

ni dai ku bar zancen ƙwallo ku zo Free Fire ku ga yadda abu guda ke juya wasa gaba ɗaya. mutum 50 ake zubawa a tsibiri su yi ta harbin juna, minti goma an gama, kuma tana tashi a ƙaramar salula shi ya sa duk fada ita ake yi ba PUBG ba, PUBG mutum 100 ne kuma salulata in na buɗe ta a watan afirilu sai ta yi zahi har ba ka iya riƙewa. abin da ya raba Free Fire da sauran shi ne gulu, bangon nan da kake jefawa ya tsaya gabanka nan take. in ba gulu duk wanda ya fara ganinka a fili ya gama da kai, amma da gulu sai a harbe ka sau biyu ka dasa bango ka durƙusa ka yi magani ka leƙo ta gefe ka ja butan harbi sama ka ba shi a kai. wato wasan ya tashi daga wa ya fara gani ya koma wa ya fi saurin yatsa, shi ya sa muke wasa da yatsa ukku wasu huɗu, ka ga mutum ya riƙe salula yatsunsa duk sun hau allo yana ta gumi, mai yatsa biyu ba ya iya harbi da dasa bango da tsalle lokaci guda

sannan lokacin da suka kawo ɗan wasan nan Chrono a disamba 2020, wanda aka yi da kamannin Ronaldo, wallahi wasan ya zama wani abu dabam, ka danna kawai rumfa ta rufe ka harsashi ba ya shiga amma kai kana harbi daga ciki kuma gudunka ya ƙaru. duk wanda ke da shi sarki ne wanda ba shi da shi nama. sai da suka yi ta rage masa ƙarfi a mizajur bayan mizajur har aka kai ba ka iya harbi daga cikin rumfar, waɗanda suka saba da shi suka dawo ƙasa muka ci gaba da cin su. to ka ga wannan sabon abu ne da ya ɓata wasa na ɗan lokaci, gulu kuma sabon abu ne da ya gyara, ba a haɗa su a ce duka ɗaya ne

kuma cirewa ma canji ne ba ƙari kawai ba. Fortnite da aka san ta da gine-gine, mutum ya gina bene cikin daƙiƙa biyu kana kallo, a maris 2022 suka kawo ɓangaren da ba gini sam don mutane sun gaji, ina kallon bidiyonta kamar wani wasa ne sabo alhali taswira guda bindiga guda

abin da ya fi mini daɗi dai shi ne da aka kawo tada wanda ya mutu. da in an kashe ka a minti na biyu sai ka aje salula ka koma hura gawayin shayi kana jiran abokai su gama, yanzu suna iya maido ka, sai ya zama ba a tsoron faɗa tun farko kowa shiga yake. Apex Legends ce ta yi suna da wannan a 2019 sauran suka bi

Yar_Zango:

Sannunku da hira. Ni ban cika sa baki a nan ba amma na ga duk maza ne kuma duk ƙwararru, ba wanda ya yi maganar wanda bai iya ba.

A gidanmu yayyena ke da Play, ni da ƙannena mata sai in sun hita muke taɓawa, to ta yaya za mu haddace baya gaba iks, ƙasa baya kare, irin na Mortal Kombat? A Mortal Kombat 11 ta 2019 akwai abin da suka sa, in jininka ya ragu ƙasa da kashi 30 cikin 100 sai ka danna L2 da R2 tare ka yi wani mugun duka da ke cin jinin abokin faɗa sosai, sau guda kawai yake shiga a duk karawar. Da shi na fara kada yayana, ya yi ta cewa ba iyawa ba ce. To ba iyawa ba ce, amma tun daga ranar ya daina wasa da ni da hannu guda yana duba salula, dole ya tsare kansa in ya ga jinina ya yi ja, ni kuma na fara koyon ɓoye shi sai ya saki jiki. Wato har shi gwanin wasansa ya canza.

Street Fighter 6 ma a 2023 sun kawo salon da butan guda ke hidda dukan da da sai ka murza analog, amma sun rage masa ƙarfi kaɗan don kar a cuci wanda ya sha wuyar koyo. A ganina wannan adalci ne. eFootball ta salula ma a 2024 sun sa mai taimako da ke daidaita maka ƙarfin tir da fas, ƙwararru suna ta masifa a kai, su dai a bar ƙofa rufe su kaɗai a ciki.

Baban Ummi, yaya, kai da kanka ka ce kun hana ɗaukar Adriano. Ai ku ma gyaran wasa kuka yi don mai rauni ya samu shiga, mi ya sa in masu wasan suka yi sai ya zama tarkace?

Baban_Ummi:

Ƙanwata bambancin shi ne mu muka zauna muka yarda, kuma ranar da muka ga dama muka janye. Wannan kuwa kana barci a canza maka wasa, ka tashi da safe a ce sai ka sauke jiga kaza kafin ma ya buɗe.

Abba_Mekanisiye:

Gaskiyar Baban Ummi a wannan gaɓar. Faifan PS2 abin da ka saya shi ne naka har ya karce, na yanzu kuwa wasan da ka koya a watan azumi ba shi ne za ka tarar da babbar salla ba.

Amma ni sabon abin da ya fi canza mini wasa ba a cikin faɗa yake ba ko ƙwallo, sabgardi ne, wato wasa ya riƙa aje maka inda ka tsaya da kansa. Wanda bai yi GTA San Andreas a PS2 a garin nan ba ba zai gane ba. Sai ka tuƙa har gida ka shiga ka taka alamar faifan nan sannan ya shiga katin memuwa mai mega 8, in kuran ya ɗauke kafin ka isa duk abin da ka yi tun azahar ya tahi. Kuma in ka faɗi a mishan ba wani ci gaba daga tsakiya, sai ka koma can wurin wanda ya ba ka aikin ka sake tuƙi tun daga farko. Mishan ɗin bin jirgin ƙasa a kan moto da Big Smoke a baya yana harbi yana kuskure, mutane nawa suka jefar da manet a kansa? Saboda haka a lokacin da tsoro ake wasa, ba ka taɓa ɗan sanda in kana da abin da ba ka aje ba, kana tuƙi a hankali kamar mai lasisi. GTA V ta 2013 in ka mutu a mishan tana maido ka kusa da inda ka faɗi, kuma tana aje ma kanta, sai mutane suka koma ganganci, ka hau dutse da mota ka faɗo don dai ka ga mi zai faru. Daɗi ya ƙaru, amma bugun zuciyar nan da kake ji in ka hango ƙofar gida da tauraro huɗu na neman 'yan sanda a bayanka ya tahi, ni kam ina kewarsa wani lokaci, ban da ranar da ba wuta.

Ruwa ma haka. A Vice City ta 2002 in ka faɗa ruwa ka mutu, teku katanga ce. San Andreas a 2004 ta ba ka iyo sai teku ta zama hanyar tsira.

Abu guda da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne katunan nan da ake buɗewa da kuɗi ba ka san wanda zai hito ba. An fara shi a FIFA tun 2009 kuma yanzu kusan kowane wasan salula yana da irinsa, ko ɗan wasa ko kayan bindiga. Wannan ba ya canza yadda kake riƙe manet, yana canza dalilin da ya sa kake wasan, yaro ba ya jin daɗin mach ɗin sai lissafin abin da zai samu ya juya. Ƙasar Beljiyam a 2018 hukumarsu ta caca ta ce irin wannan caca ne, har a farkon 2019 aka daina saida makin FIFA da ake buɗe katunan da shi a can. Turawa ne fa suka ce caca, to mu da muke da malamai mi za mu ce? Ina ganin yara masu koyon aiki a garejinmu, jika guda da suka samu sai ta tahi sayen lu'ulu'un cikin wasa.

Autan_Fada:

yaya Abba ba kowa ba ne fa, ni ban taɓa sa ko dala ba kuma ina cin masu kaya masu walƙiya kullum, yawanci ma su ne ba su iya ba hhh. amma e akwai wanda na sani ya saida takalminsa

Mai_Play_Sabongari:

Madalla, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan jami'a na gwada abin da ka ce jiya da dare, na sa ma wani babba tsohon defans na maida masa tir kan kare. An ci shi 2 da 1 amma ya ce a sake, ya biya mach ukku a jere, da kuwa guda yake yi ya tashi yana zagin mashin. Sai dai yanzu yaran ne ke ƙorafi wai ɗan wasansa yana manne musu ba su samun juyawa, suna cewa an ba shi sata. Ga dukkan alamu dole in rubuta a bango, in babba da babba ne tsohon salo, in yaro da yaro ne sabo, in an gauraya a yi shawara kafin a busa, kuma minti biyu kawai a meni.

PS2 zan saida guda in bar guda saboda su Baban Ummi da masu San Andreas, amma ka zo ka riƙa biya fa yaya, ba ka hana ni saidawa ka zauna gida ba.

Maganar tele ɗin da ke jinkirta hoto ce ban gane ba sosai. Tawa irin ta kasuwar Dole ce inci 32, akwai abin da zan taɓa ko sai na canza ta?

Dan_Jamia_Info:

Kar ka canza tukuna patoro. Ka ɗauki telekomand ka shiga saitin hoto, ka duba ko akwai yanayin da aka rubuta na wasa, in akwai ka sa shi, yana kashe gyare-gyaren da tele ke yi ma hoto kafin ta nuna, su ne ke cin lokaci. In babu shi ka kashe duk abin da ya shafi santsin motsi da rage dishi-dishi da hannunka. Hoton zai ɗan rage ƙyalli amma za ka ji manet ya fi amsawa, ka gwada da bugun penaliti za ka gane nan take.

Manet ɗin kuma ka sa a buɗe a goge ƙurar da ke ƙarƙashin butan da alkol, hunturun nan ya cika su da ƙasa. In robar iks ta tsage ana samun ta daban wurin masu gyaran salula, ko a cire daga mataccen manet na PS4, ta PS3 ba ta zama daidai.